Sarƙar sukarin da ke riƙe da ragamar girman jiki, da yadda kamfanonin magani ke rububi a kanta

Daga shekarar 2018 zuwa 2021, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da wasu sabbin magunguna huɗu waɗanda a ido babu abin da ya haɗa su.

Crysvita na masu wata cutar gado ce da ke sa ƙashi ya yi laushi ya lanƙwashe. Balversa na sankarar mafitsara ne. Pemazyre na sankarar bututun maɗaciya ne. Shi kuwa Voxzogo an yi shi ne domin yaran da aka haifa da lalurar gajarta.

Amma duka huɗun hanya ɗaya suke tarewa a cikin jiki, wato hanyar da wani rukunin sinadaran girma mai suna FGF ke bi ya isar da saƙo ga ƙwayoyin halitta. A bakin wannan hanya kuma akwai wani abu da masana suka daɗe ba su ba shi muhimmanci ba: wata doguwar sarƙar sukari da ke lulluɓe da bayan kusan kowace ƙwayar halittar ɗan Adam.

Mene ne sinadarin girma?

Ƙwayar halitta ba ta rabuwa ta hayayyafa don ganin damarta. Sai ta samu umarni daga waje. Sinadaran girma su ne 'yan aiken da ke kawo wannan umarni. Ƙananan furotin ne da wata ƙwaya ke fitarwa, su je su shaida wa maƙwabciyarta cewa ta rabu, ko ta ƙaura, ko ta rikiɗe ta zama ƙashi, tsoka ko jijiyar jini.

Da su ɗan tayi ke samun hannu da ƙafa a cikin mahaifa, da su kuma rauni ke haɗewa ya warke.

Rita Levi-Montalcini 'yar Italiya da Stanley Cohen ɗan Amurka ne suka gano na farko-farko a cikinsu, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 1986. Shi kuwa FGF, a farkon shekarun 1970 aka fara tsamo shi daga wata 'yar halitta da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwar saniya. A yau an san cewa ɗan Adam na da 22 a wannan dangi, kuma 18 daga ciki na fita waje su kai saƙo.

Ɗan aiken ba ya shiga cikin ƙwayar. A bakin ƙofa yake tsayawa, inda wani furotin da ya ratsa bangon ƙwayar ke jiran sa, rabinsa a waje rabinsa a ciki. Shi ne makarɓin saƙo. Dangin FGF na da irinsa huɗu, daga FGFR1 zuwa FGFR4.

Makarɓi ɗaya shi kaɗai ba ya iya tayar da komai. Sai biyu sun matso sun manne da juna, sannan wutsiyoyinsu da ke ciki su kunna juna, saƙo ya kama hanya har cibiyar ƙwayar inda bayanan gado suke. Tambayar da ta daɗe tana cin tuwo a ƙwaryar masana ita ce: me ke jawo su su haɗu?

Ina sukari ya shigo?

A 1984, masu bincike a ɗakin gwajin Judah Folkman da ke Boston sun lura cewa wani sinadarin girma da suka samo daga ƙari yana manne wa hefarin ƙam-ƙam. Hefarin shi ne maganin hana daskarewar jini da asibitoci ke amfani da shi kullum. Da farko dabarar tacewa kawai aka ɗauki abin, wato a sa hefarin ya kamo sinadarin daga cikin tarkace.

Sai a 1991 aka gane cewa lamarin ya wuce haka. Tawagogi biyu, ɗaya ta su Avner Yayon da David Ornitz, ɗaya kuma ta Alan Rapraeger, sun nuna cewa idan ƙwaya ba ta da wata sarƙar sukari mai kama da hefarin a bayanta, FGF zai zo, makarɓi na nan, amma saƙo ba zai wuce ba. Da an zuba hefarin, aiki sai ya dawo.

Sunan wannan sarƙa hefaran salfet. Ba ta da alaƙa da sukarin shayi, kuma shan zaƙi ba ya ƙara ta, ciwon suga ma ba daga ita yake tasowa ba. Jiki ne ke ƙera ta, yana jera wasu nau'o'in sukari guda biyu bi da bi kamar duwatsun tsakiya, sannan ya ɗaura ta a jikin wasu furotin da ke bangon ƙwaya.

A wurare daban-daban a kan sarƙar ana maƙala ɗigon salfet masu cajin lantarki mara kyau, wato na ragi. Shi kuma FGF da makarɓinsa kowanne na da wani gefe mai caji na ƙari. Saboda haka sarƙar na kama su duka biyun a lokaci guda.

Wanda ya san kasuwar shanu zai gane abin da sauri. Mai saye na tsaye, mai sayarwa na tsaye, kowa na so, amma ciniki ba ya faɗawa sai dillali ya riƙo hannun wannan ya haɗa da na wancan. Aikin sarƙar ke nan.

Kuma ba kowace sarƙa ce ke ƙulla kowane ciniki ba. Gwaje-gwaje a kan FGF2 sun nuna cewa salfet da ke wani gurbi na sarƙar ya isa ta kama sinadarin, amma sai da salfet na wani gurbin daban kafin makarɓi ya kunnu. Ƙwayoyin hanta, na huhu da na guringuntsi kowanne da irin tsarin ɗigonsa. Jiki ma na da wasu sinadarai da aikinsu shi ne cire ɗigon bayan an gama ƙera sarƙar. Da haka ƙwaya ke zaɓen saƙon da za ta saurara da wanda za ta yi wa kunnen uwar shegu.

Taƙaddamar da ta haura shekara 20

A shekarar 2000, tawagogi biyu suka fitar da hoton wannan haɗaka ta hanyar haska ta da hasken ekis-re, amma hotunan suka saɓa wa juna.

Tawagar Joseph Schlessinger da Moosa Mohammadi ta Jami'ar New York ta ga sinadari biyu, makarɓi biyu da sarƙa biyu, an jera su daidai wa daida, ɓangaren dama tamkar na hagu. Tawagar Luca Pellegrini da Tom Blundell ta Jami'ar Kambirij a Ingila kuwa ta ga sinadari biyu da makarɓi biyu sun rataya a kan sarƙa ɗaya tal da ke tsakiya.

An shafe shekaru ana jayayya kan wanne ne ke faruwa a jikin mai rai. Gardamar ba ta malamai kaɗai ba ce, domin duk mai son ƙera maganin da zai raba wannan haɗaka, ko ya ƙarfafa ta, dole ya san inda gaɓoɓinta suke.

A 2023 mujallar Nature ta wallafa wani sabon hoto daga Mohammadi da abokan aikinsa, wanda aka ɗauka da na'urar hangen ƙananan abubuwa mai aiki da lantarki bayan an daskarar da samfurin. A wannan karon sun duba FGF23 ne, kuma abin da suka gani bai yi daidai da ko ɗaya daga cikin tsoffin hotunan biyu ba. Sinadari ɗaya ne ke kama makarɓi na farko, sannan sarƙar sukari ta taimaka ta jawo na biyu. Masu binciken sun kawo hujjojin da ke nuna cewa sauran 'yan dangin ma haka suke yi, abin da ya sa aka koma duba tsohon hoton da shi kansa Mohammadi ya taimaka aka samar.

Dalilin da ya sa wahalar ta yi yawa shi ne, ba a rubuta sarƙar sukari harafi bayan harafi a cikin ƙwayoyin gado kamar yadda aka rubuta furotin ba. Tarin sinadarai ne ke gina ta, kowace sarƙa kuma na iya fitowa da ɗan bambanci. Samun guda biyu masu kama da juna sak domin gwaji babban aiki ne.

Saƙon kusa da saƙon nesa

Sarƙar na da wani aikin bayan dillanci. Tun da tana manne wa sinadarin girma, tana hana shi yin nisa da inda aka fitar da shi. Ƙwayoyin da ke kusa su samu da yawa, na nesa su samu kaɗan. Wannan bambanci na daga cikin abin da ke tsara gaɓoɓin ɗan tayi.

Amma uku daga cikin dangin, FGF19, FGF21 da FGF23, riƙonsu ga sarƙar ba shi da ƙarfi. Don haka suna kuɓucewa su shiga jini su zagaya jiki. Domin su kama makarɓi da kyau suna buƙatar wani mataimaki mai suna Klotho, wanda Makoto Kuro-o ya gano a Jafan a 1997.

Ƙashi ne ke fitar da FGF23, ya tafi ƙoda ya umarce ta ta zubar da fosfet cikin fitsari. Idan ya yi yawa, jiki ya rasa fosfet ɗin gina ƙashi, ƙafafun yaro su gwame. Crysvita na kama FGF23 ne tun kafin ya isa ƙodar.

Idan makunni ya maƙale

A 1994 masu bincike a Amurka da Faransa suka gano cewa nau'in gajarta mafi yawa a duniya, wanda likitoci ke kira akondurofilasiya, na faruwa ne saboda sauyin harafi ɗaya a ƙwayar gadon FGFR3. Ana samun lalurar a kusan haihuwa ɗaya cikin 25,000.

A guringuntsin da ke ƙarshen dogayen ƙasusuwan yaro, inda tsawo ke fitowa, aikin FGFR3 shi ne taka birki. Sauyin na sa makarɓan su riƙa aiki fiye da ƙima, birki ya zauna a take. Hannu da ƙafa su gajarce, gangar jiki kuma ta kusa kai yadda aka saba.

Kusan kashi 80 cikin 100 na masu lalurar iyayensu masu matsakaicin tsawo ne, sauyin sabo ne da ya auku a ƙwayar haihuwa, kuma an fi ganin sa idan uba ya manyanta. Babu abin da uwa ta ci ko ta aikata lokacin goyon ciki da ke jawo shi. Basirar yaron kuma lafiyarta ƙalau.

Akwai wata cutar gadon da ke nuna muhimmancin sarƙar ita kanta. Idan aka samu tangarɗa a EXT1 ko EXT2, wato ƙwayoyin gadon da ke kula da ƙera hefaran salfet, sai ƙulluttukan ƙashi su riƙa tsirowa kusa da gaɓoɓin yaro. Sinadaran girma na nan, makarɓansu na nan, dillalin ne ya yi ƙaranci.

Abin mamakin shi ne, FGFR3 ɗin da ke hana ƙashi tsawo shi ne ke ingiza ƙwayoyin mafitsara su yi ta hayayyafa idan ya maƙale a kunne. Kimanin ɗaya cikin biyar na masu sankarar mafitsara da ta yi nisa na ɗauke da irin wannan sauyi. A wani babban gwaji da aka wallafa a 2023, matsakaicin tsawon rayuwar waɗanda suka sha Balversa ya kai wata 12.1, na waɗanda aka yi wa maganin sankara da aka saba kuwa wata 7.8.

Mafi yawan masu shan irin waɗannan magunguna fosfet na hawa a jininsu, domin maganin na toshe saƙon FGF23 a ƙoda ba da niyya ba. Hanyar ɗaya ce, in an taɓa nan sai can ya motsa.

Haka kuma wani maganin sankara mai suna infigratinib, kamfanin BridgeBio ya koma gwada shi da ƙanƙanin awo a kan yara masu lalurar gajarta.

Tsada da muhawara

Voxzogo na kamfanin BioMarin allura ce da ake yi wa yaro kullum har zuwa lokacin da ƙashinsa ya daina tsawo. Ba ya taɓa makarɓin kai tsaye, yana rage ƙarfin saƙon ne bayan ya shiga cikin ƙwaya. A gwajin da aka yi da yara 121, waɗanda suka samu allurar sun fi sauran ƙaruwa da santimita 1.57 a shekara.

Lokacin da ya fito a Amurka, kuɗinsa ya kai kimanin dala 320,000 a shekara.

Ba kowa ne ya yi maraba da shi ba. Wasu daga cikin masu lalurar, ciki har da 'yan ƙungiyar Little People of America, na cewa gajarta ba cuta ba ce da za a warkar, abin da ke damun su shi ne tsangwama da gine-ginen da ba a yi la'akari da su ba. Wasu iyaye da likitoci kuma na cewa abin dubawa ya wuce tsawo, domin lalurar na zuwa da matsewar lakar wuya, ɗaukewar numfashi cikin barci, yawan ciwon kunne da ciwon baya. Ko maganin zai rage waɗannan, shi ne abin da ake ci gaba da bibiya a jikin yaran da suka fara karɓar sa.

Hefarin: sarƙar da asibiti ba ya rabuwa da ita

Yayin da sabbin magungunan ke hannun masu hali, 'yar uwar sarƙar tana nan a asibitocin Kano, Sakkwato, Maiduguri da Yamai. Da hefarin ake wankin ƙoda, da shi ake tiyatar zuciya, ana kuma yi wa wasu mata allurar danginsa bayan tiyatar haihuwa don kada jini ya daskare a jijiyoyinsu. Yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya.

An gano shi tun 1916 a Jami'ar Johns Hopkins, amma har yau ba a iya harhaɗa shi a masana'anta da yawan da duniya ke buƙata ba. Mafi yawansa daga hanjin alade ake tatso shi, kuma China ce ke samar da fiye da rabin ɗanyen kayan.

Wannan dogaro ya sha jawo matsala. A 2008 an gano an gauraya ɗanyen hefarin daga China da wani sinadari mai arha mai kama da shi, kuma an alaƙanta mutuwar mutum fiye da 80 a Amurka da lamarin. A 2018 annobar zazzaɓin aladu ta shiga China ta hallaka miliyoyi, har 'yan majalisar dokokin Amurka suka rubuta wa FDA a 2019 suna tambayar ko maganin zai yanke.

Ana iya samun hefarin daga shanu. Amurka ta daina amfani da shi a shekarun 1990 saboda fargabar cutar haukan shanu, amma Brazil na samar da shi, ita ma FDA ta nuna tana son a dawo da shi. Akwai kuma fondaparinux, ɗan guntun sarƙa mai sukari biyar da ake haɗawa ba tare da dabba ba, wanda aka amince da shi a 2001, sai dai ba ko'ina yake maye gurbin hefarin ba.

Batun asalin maganin na sa majinyata Musulmi tambaya. Malamai da dama sun yi fatawar halascinsa idan larura ta kama kuma babu madadi. Likitoci kuma na gargaɗin kada majinyaci ya dakatar da shi da kansa, ya tambayi likitansa ko akwai wani zaɓi.

Har zazzaɓin cizon sauro

Ba sinadaran girma kaɗai suka san wannan sarƙa ba. Ƙwayoyin cuta ma sun koyi kama ta.

Ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, da zarar sauro ya zuba ta a jiki, hanta take nufa. Furotin ɗin da ya rufe bayanta na manne wa hefaran salfet na ƙwayoyin hanta, wanda ke da yawan ɗigon salfet. Wannan furotin ne rigakafin R21 ke koya wa jiki ya gane, rigakafin da Najeriya ta fara yi wa yara a jihohin Kebbi da Bayelsa a Disambar 2024.

A 1996 kuma, wani bincike da Michal Fried da Patrick Duffy suka yi a Kenya ya nuna cewa jajayen ƙwayoyin jinin da cutar ta shiga na maƙalewa a mabiyiyar mai ciki ta hanyar kama wata sarƙar sukari 'yar uwar hefaran salfet. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa zazzaɓin ya fi yi wa masu cikin fari illa.

A 2020 ma an nuna cewa ƙwayar cutar korona na riƙe hefaran salfet kafin ta kama ƙofar da take shiga.

Abin da ya kamata a kiyaye

Sunan "sinadarin girma" ya riga ya shiga bakin 'yan kasuwa. A Instagram da TikTok ana tallar man shafawa da ƙwayoyin "ƙara tsawo" da wannan suna. Ilimin da aka tara cikin shekara 40 na nuna raunin wannan talla. Sinadarin girma furotin ne, idan an haɗiye shi ciki zai narkar da shi kamar nama. Ko da ya isa inda ake so, sai ya samu makarɓin da ya dace da sarƙar da ta dace. Idan kuma guringuntsin ƙarshen ƙashi ya rufe bayan balaga, babu maganin da ke ƙara tsawo.

Sannan mafi yawan yaran da ba su kai tsawon sa'o'insu ba a Najeriya, ba matsalar FGFR3 ke damun su ba. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, kuma Arewa maso Yamma ce ta fi yawa. Maganin wannan abinci mai gina jiki ne, da ruwa mai tsabta, da rigakafi, musamman daga ɗaukar ciki zuwa shekara biyu.

A ɓangaren sankara ma akwai abin lura. Ba a ba majinyaci Balversa sai gwaji ya tabbatar da sauyin FGFR3 a jikin ƙarin, gwajin da ke buƙatar na'urori da kuɗi. Bayan haka, a yankunan da tsargiya ta yi katutu, sankarar mafitsara kan zo da wani nau'i daban da wanda aka gwada maganin a kansa a Turai da Amurka. Magance tsargiya tun yaro na fitsarin jini, da maganin da ake rabawa a makarantu, ya fi kusa da hannun talaka nesa ba kusa ba.

Ga iyayen da suka haifi yaro mai lalurar gajarta kuwa, akwai abin yi ko da allurar ba ta samuwa. Likitocin yara na ba da shawarar a riƙa auna girman kansa, a lura da numfashinsa idan yana barci, a duba kunnensa akai-akai, a kuma tallafe kansa da bayansa da kyau a watannin farko. Waɗannan su ne ke tsare rayuwarsa, kuma ana iya yin su a asibitin koyarwa mafi kusa.